Lita 100 ga mutum 4: abin da motar kwana ke koya wa yara

Da an rufe makarantu a Faransa a farkon watan Yuli, sai hanyoyi su cika da fararen motoci masu kama da ɗaki a kan taya. Faransawa na ce musu kampin-kar. A ciki akwai gado, murhun gas, ɗan firij, makewayi da tankin ruwa. Iyalai da dama haya suke yi, su kwashi yara su nufi bakin teku ko cikin duwatsu. Fita hutu ta zama al'adar talakawan can tun 1936, lokacin da gwamnatin Léon Blum ta ba ma'aikata hutun mako 2 tare da albashinsu.

Wanda ya ga hoton motar zai ce holewar masu hali ce kawai. A ganina, tafiyar farko a cikinta makaranta ce, kuma darasinta ya shafe mu, malamai da iyaye.

Mu fara da ruwa. A gida, Bafaranshe guda na kashe kimanin lita 150 a yini, wato iyali mai mutum 4 na kashe wajen lita 600. Tankin motar kuwa bai cika wuce lita 100 ba, daidai da bido 4 masu lita 25. Yaron da ya saba barin famfo na zuba yana goge haƙora zai ga abin da ya jawo kafin dare, domin ba za a samu ruwan dafa abinci ba. Ruwan wanke-wanke na taruwa a wani tanki daban, sai an kai shi wurin da aka keɓe a zubar. Akwatin makewayin ma da hannu ake ɗauka a je a juye.

Haka lamarin wuta yake: batir guda ke riƙe da fitilu da cajin waya, in ya sauka kowa ya kwana a duhu. Ga kuma nauyi. Mai lasisin tuƙi na B ba zai ja motar da ta wuce tan 3,5 ba, har da mutane da ruwa da kaya, kuma kowace lita kilo guda ce. Dole yaro ya zaɓi abin da zai ɗauka da abin da zai bari. Shi ya sa waɗanda suka saba ke ba sabon shiga shawara ya fara da kwana 1 ko 2, kusa da gida.

Wani zai ce ai yaran Damagaram ba sa buƙatar mota kafin su san darajar ruwa. Gaskiya ne, mai ɗaukar bido tun asuba ya riga ya sani. Abin da yaranmu na birni suka rasa shi ne a fita da su da niyyar koyo, a kuma damƙa musu amana. A gida aike muke yi musu, a aji mu ce su kwafa. Da wuya mu ce wa ɗan shekara 11: ga guzurinmu, kai za ka lissafa ko zai kai mu gobe.

Wani kuma zai kawo batun tsaro da kuɗi, kuma yana da hujja. Amma ba sai an yi nisa ba. Ɗan Maradi na da tafkin Madarunfa a kusa, ɗan Damagaram na da fadar sarki da tsohuwar unguwar Birni, ɗan Yamai na da gidan tarihi na Boubou Hama. In za a kwana, a sauka gidan dangi ko harabar wata makaranta, da izinin hukuma da yardar iyaye.

Sharaɗin guda ne: kowane yaro, mace da namiji, ya tafi da aikinsa. Wannan ya riƙe lissafin ruwa, waccan ta riƙe kuɗin cefane, wani ya rubuta nisan hanya da lokacin da aka ci, wata ta tabbatar ba a bar leda ko guda a wurin ba. Da an dawo aji, malami ya mai da waɗannan alƙaluma darasin lissafi da na rubutu. Ƙungiyar iyayen yara ta sa wannan fita cikin tsarinta tun farkon shekarar karatu, kafin kuɗin asusu su tafi ga wasu hidimomi.