Nauyin da ke kanmu kafin a sa hannu a takardar shagon giya

Ƴan'uwa masallatan Garhanga da kewaye, da waɗanda ke karanta mu daga Keita, Bouza, Madawa da wuraren cin-rani.

Babu mai jayayya a cikinku game da hukuncin giya. Allah Ya haramta ta daki-daki, daga aya ta 219 ta Suratul Baƙara, zuwa ta 43 ta Suratun Nisa'i, har hukunci ya yanke a aya ta 90 da ta 91 ta Suratul Ma'ida. Abin da muke yawan mancewa shi ne hadisin da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito daga Anas, Allah Ya yarda da shi, wanda ya lissafa mutum goma da la'ana ta hau kansu saboda giya. Mashayi ɗaya ne kawai a cikinsu. A cikin sauran akwai mai sayarwa, da mai ɗaukar ta, da mai cin kuɗinta. Shagon giya aiki ne na hannuwa da yawa, kuma akasarinsu hannuwan ƴan gari ne.

To, ta wace hanya irin wannan shago yake buɗewa? Nijar ba ta zartar da hukuncin shari'a a kan giya ba. A wurin hukuma sana'a ce mai buƙatar izini da biyan patanti. Jami'in da takardar ta zo gabansa ba zai buɗe Risala ko Muhtasar ba. Zai duba inda shagon yake, da abin da zai jawo wa zaman lafiya, da lafiyar jama'a, da kwanciyar hankalin maƙwabta. Dokar ƙananan hukumomi ta 17 ga Satumba 2010 ta ɗora wa magajin gari nauyin kula da waɗannan abubuwa a cikin kominsa, ta kuma ba sarakunan gargajiya kujera a majalisa don su ba da shawara. Tun watan Afrilu na 2024 an rushe majalisun da aka zaɓa a Disamban 2020, aka naɗa shugabannin riƙo. Kansilan da kuke iya tarewa a bakin kasuwa ba ya kan kujera a yau, amma ofishin yana nan, purefe yana nan a Keita, sarki da masu gari ma suna nan. Idan ba wanda ya je musu da magana, za su ɗauki shirunku a matsayin yarda.

Hadisin Abu Sa'idil Khudri da ke cikin Sahihu Muslim ya jera matakai uku na kawar da mummunan aiki: hannu, harshe, zuciya. Malamai sun bayyana cewa a cikin al'amuran jama'a hannu na mai mulki ne. Ko a Kano, inda ake farfasa kwalaben giya a bainar jama'a, Hisba ce ke yi, hukumar da dokar jiha ta kafa a 2003. Mu rabonmu harshe ne, kuma harshe yana da lokacinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ƙasar nan ta ga abin da ke faruwa idan aka bar magana har fushi ya zo. A Nuwamban 2000, lokacin zanga-zangar ƙin bikin FIMA, an ƙone mashaya da coci a Maraɗi, gwamnati kuma ta rushe wasu ƙungiyoyin addini. A Janairun 2015, a Damagaram da Yamai, an ƙone coci-coci da mashaya, mutum 10 suka rasa rayukansu. Giya ba ta bar waɗannan birane ba, jinin da aka zubar kuwa yana jiran hisabi. Dukiyar wanda ba Musulmi ba da ransa amana ne a hannunmu, ko baƙo ne ko ma'aikacin da aka turo.

Saboda haka ga abin da nake kiranku gare shi. Kwamitin kowane masallaci ya wakilta dattawa biyu ko uku masu sanyin baki, su riƙa leƙa ma'aikatar magajin gari, su san abin da ake shirin buɗewa a unguwa. Idan labarin neman izini ya fito, a rubuta takarda, liman da mai gari da shugaban iyayen yara da wakiliyar mata su sa hannu, a kai ofis, a karɓo shaidar an karɓa, a aika kwafi ga purefe. A rubuta abin da jami'i zai iya aiki da shi: taku nawa ne tsakanin wurin da makaranta, da masallaci, da asibiti, da famfon da ƴan mata ke ɗibar ruwa da maraice. Kada a zagi kowa, kada a ƙara gishiri. Ƙarya ɗaya tana iya zubar da hujja goma.

Za a ce muku komin na buƙatar kuɗin shiga. Gaskiya ne, kuma amsar tana aljihunmu. Wanda ke ɓuya daga mai karɓar haraji ranar kasuwa ya raunana bakinsa da kansa. Ku biya abin da ke kanku, sannan ku tambayi hukuma ta auna patantin shago guda da kuɗin da saurayi ya kwashe watanni yana tarawa a Abijan ko Libiya, wanda gero ya kamata ya zama kafin damina ta kankama.

Sannan mu dubi gida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shagon da za a ba da haya na wani ne a cikin sahunmu, mashin ɗin da zai ɗauko katan na ɗan wani ne, kuma turamol da ke yawo a hannun yara bai jira izinin kowa ba. Mai ɗaki ya tambayi ɗan haya abin da zai sayar kafin ya miƙa makulli. Wanda jarrabawar sha ta riga ta kama, a ja shi a jiki, a rufa masa asiri, a yi masa nasiha a keɓe, domin ɗan'uwanmu ne.

Limamai, ku ɗauki maganar nan bayan sallar Juma'a mai zuwa, ku fitar da sunayen wakilanku tun kafin buƙata ta taso. Allah Ya tsare mana zuriya, Ya shiryi shugabanninmu, Ya ba mu damina mai albarka. Wallahu a'alam.