Somaïr ta dawo hannunmu, sai a zana hanyar dutsen

Tun da gwamnati ta mayar da Somaïr, kamfanin haƙar yuraniyom, hannun ƙasa a watan Yunin 2025, hirar 'yan shayi a Arlit ba ta wuce wa zai sayi yuraniyom ɗinmu, kuma nawa zai biya. Ni damuwata daban ce. Wa ya san kwana nawa dutse ke yi daga ramin da aka fasa shi zuwa cikin gangar da ake rufewa? A cikin kwanakin nan, nawa ne na aiki, nawa ne na zaman jira?

Akwai dabarar da kamfanin Toyota na Japan ya yi suna da ita tun zamanin injiniyansa Taiichi Ohno. Ba ta bukatar na'ura mai tsada. Takarda ce da fensir, a bi kaya da ƙafa daga farko har ƙarshe, a rubuta kowane zango: nan aka niƙa, nan aka jira, nan aka tara, nan aka sake aikin da aka riga aka yi. Duk zangon da bai ƙara wa kaya daraja ba, ɓarna ce.

In aka yi wa Somaïr wannan zane da gaskiya, ba zai tsaya a bakin ƙofar masana'anta ba. Farar wutar da ake haɗa asid da ita daga ƙetare take zuwa, a da a kan sauke ta a Kwatano, a ɗora wa manyan motoci su yi tafiyar fiye da kilomita 1,500, su ƙare da hanyar Tawa zuwa Arlit wadda kowane direba ya san yadda take cin taya. Wutar lantarki kuma daga kwal ɗin kamfanin Sonichar a Cirozerin. Mun ga abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023: iyaka da Benin ta rufe, sinadarai suka yanke, masana'anta ta tsaya alhali ga dutse ga ma'aikata. Ɓarnar da ta fi kowace girma a kan hanya take, ba a hannun lebura ba.

Sai abin da littattafan lissafi suka daɗe suna kau da kai daga gare shi. Ruwan da ake wanke dutse da shi na ƙarƙashin hamada ne, ya taru tun dubban shekaru, damina ba ta mayar da shi. Cominak, ɗayan kamfanin yuraniyom na yankin, ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, ta bar wa garin Akokan tsibin tarkace na kusan tan miliyan 20. Tsofaffin ƙarafa masu guba sun taɓa kaiwa kasuwa, abin da Almoustapha Alhacen da ƙungiyarsa Aghirin'man suka yi ta kuka a kai har ya samu lambar yabo ta Nuclear-Free Future a 2017. Zanen da bai nuna inda ruwa, ƙura da ƙarfe suke ƙarewa ba, rabin zane ne.

Na san me ma'aikaci ke ji in an ce za a rage ɓarna: takardar sallama. Yana da hujja, don ya ga abin da ya samu maƙwabtansa na Akokan da Cominak ta rufe. Shi ya sa nake cewa kada a ba wani ƙwararre daga Yamai ko ƙetare fensirin shi kaɗai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Direban da ke kashe rabin yini a layin sauke dutse, da bakaniken da ke jiran ƙaramin ƙarfe wata da watanni, su ne suka san zangon da ya mutu. Kuma Somaïr ta taɓa nuna ana iyawa: tun wajajen 2009 take tatsar yuraniyom daga dutse marar ƙarfi da a da ake jibgewa gefe.

Sabbin shugabannin kamfani, ku tara ma'aikata da ƙungiyoyinsu, ku yi musu alkawari a rubuce cewa ba za a kori kowa saboda abin da zanen ya fallasa ba, sannan ku liƙa zanen a inda mutanen Arlit za su iya karantawa.