Kifi Ne Na Ƙarshe A Jerin Sayayya: Shawara Ga Masu Sha'awar Akwatin Kifi A Naraguta



Sha'awar ajiye kifi a akwatin gilashi ta fara shigowa gidajenmu, kuma wayar hannu ce ta kawo ta. A Facebook da TikTok da YouTube mutum zai ga ɗan ƙaramin teku a tsakiyar falo, ga murjani mai rai yana rausaya, ga kifaye masu launi kamar an zana su da hannu. Matasanmu, da ɗaliban Jami'ar Jos da ke zaune a cikinmu, sun fara tambayar inda ake sayar da kayan da kuma nawa za a kashe. Ba mu ga laifin wannan sha'awa ba. Maganarmu a kan tsarin sayayya take. Da yawa daga masu farawa ido ne ke yi musu jagora: a sayi gilashi da fitila mai launi da kifi rana ɗaya, sauran kaya kuma a ce sai albashi ya shigo. Ra'ayinmu shi ne a juya wannan jeri. A fara da abin da ke raya ruwa, kifi da murjani su zo ƙarshe.

Bari mu fara da sanin abin da ake son ajiyewa. Murjanin da muka sani a wuyan amare ƙashin wata halittar teku ne. Danginsa da ake kiwo a akwati dabbobi ne, ko da yake sun yi kama da tsiro. A cikin jikinsu akwai wata irin gansakuka 'yar mitsitsiya da ke haɗa musu abinci daga hasken rana. Mazauninsu teku ne mai ɗumi da tsabta, irin Bahar Maliya da ke gaɓar Jidda inda alhazanmu ke sauka, ko gaɓar Ostireliya inda jerin duwatsun murjani ya kai tsawon kilomita 2,300. A akwati ana riƙe musu zafin ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 27, gishiri kuma kusan giram 35 a kowace lita. Ba sa jure canji. Ƙarin digiri ɗaya ko biyu na 'yan makonni ya isa ya sa su kori gansakukar nan su yi fari fat, kamar yadda ya faru a tekuna da dama a 1998 da 2016. Ko gaɓar tekun Najeriya ba ta da irin waɗannan duwatsu, saboda laka da ruwan daɗi da Kogin Neja da sauran koguna ke kwararawa. To, mai son murjani a Naraguta yana ƙoƙarin riƙe Bahar Maliya ne a kan tsaunin da ya ɗara teku da kusan mita 1,200. Yana yiwuwa, amma sai an bi tsari.

Na farko shi ne ruwa. Ruwan famfo na ɗauke da kulorin, wanda ke ƙone matattarar numfashin kifi. Ruwan rijiya da na burtsatse kuwa ba wanda ya san abin da ke cikinsa sai an gwada, balle a ƙasar da aka shafe shekaru ana haƙar kuza. Ɗan ƙaramin sinadarin tagulla ya isa ya kashe murjani. Saboda haka masu wannan kiwo ke sayen ƙaramar na'urar tace ruwa, ƙanwar wadda kamfanonin fiya wata ke aiki da ita. Gishirin ma na musamman ne da ake haɗawa don akwatin kifi. Gishirin miya ba ya yi. Kuma ba saye ɗaya ba ne, domin duk mako ɗaya ko biyu ana canza kusan kashi ɗaya cikin goma na ruwan. Wanda bai tabbatar da inda zai riƙa samun gishirin nan a kai a kai ba, kada ya fara.

Na biyu wuta. A ƙasashen da ake ɗaukar bidiyoyin nan ba sa saka wannan a lissafi, mu kuwa dole ya zo a sama. Da zarar an ɗauke wuta, famfo ya tsaya, iskar da ke cikin ruwa ta fara ƙarewa, kuma cikin 'yan sa'o'i kifi zai soma haki a saman ruwa. Janareta ba ya magance wannan, don ba wanda zai tashi ƙarfe uku na dare ya ja shi kullum, ga tsadar fetur. Inbata da batir, ko sola ga mai hali, su ne gaba da komai bayan ruwa. Ko da mai akwatin ruwan daɗi ne, ya nemi ɗan famfon iska mai aiki da batir kafin ya sayi kifi ko ɗaya.

Na uku ɗumi, kuma a nan ne Jos ta bambanta da Kano ko Legas. Mun san sanyin Disamba da Janairu, lokacin da dare kan sauka kusa da digiri 10, ruwan randa ya gagara taɓawa da asuba. Hitar akwati mai kashe kanta idan ruwa ya kai ma'aunin da aka saita ta zama wajibi. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kusan wat ɗaya ga kowace lita, a ɗaki mai sanyi kuma a ƙara. Ƙananan hita biyu sun fi babba ɗaya, don idan ɗaya ta mutu ɗayar za ta riƙe. A tuna kuma hita tana cikin kayan da suka fi shan wuta, kuma da dare take aiki, lokacin da sola ba ta samar da komai. Ke nan ƙarfin batirinka ne zai faɗa maka girman akwatin da za ka saya, ba faɗin bangon falonka ba.

Daga nan sai akwatin da mazauninsa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Akwati mai lita 200 ya haura kilo 200 tun kafin a lissafa gilashi da yashi da duwatsu. Teburin talabijin ba zai ɗauka ba, kuma gilashin taga da mai almuniyom zai yanka maka bai dace da irin wannan nauyi ba. A gida mai yara wannan magana ce ta tsaro. A ɗaya ɓangaren, akwati ƙarami ƙwarai ya fi wahalar kulawa, domin ruwa kaɗan ya fi saurin sanyi da saurin lalacewa.

Sai famfunan motsa ruwa da matata da kayan awo: ma'aunin zafi, ma'aunin gishiri, da 'yan kwalaben gwajin amoniya. Kayan awo ba su da kyan gani, shi ya sa ake tsallake su, alhali ruwa mai guba da ruwa mai kyau duk garau suke a ido. A lokacin hunturu iska busasshiya ce, ruwa na ƙafewa da sauri, gishiri kuma ba ya bin sa, sai ya ƙara kauri. Ana cika gurbin da tataccen ruwa marar gishiri, kuma ma'auni ne kaɗai zai nuna maka ka yi daidai.

Bayan duk wannan akwai abin da ba a sayar da shi a shago: haƙuri. Kashin kifi na zama amoniya, wadda guba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani ne ke mayar da ita abin da ba ya cutarwa sosai, kuma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu a matata da duwatsu. A wannan lokaci akwati zai zauna da ruwa babu kifi, baƙi su yi ta tambaya. A bar su su tambaya. Dukawanmu na Naraguta, waɗanda aikin fatarsu ya yi suna, ba sa ɗora ado a kan fatar da ba ta jimu ba. Sai bayan wannan ne za a yi maganar fitilar murjani, sannan kifi ɗaya ko biyu, murjani kuma bayan wasu watanni. Na'urar kwashe kumfa, da fitilu masu canza launi, da kabad mai ƙyalli duk za su iya jira.

Idan mutum ya duba wannan jeri ya ga aljihunsa ba zai kai ba, to bai yi asara ba. Lissafin ya tsare masa kuɗinsa. Akwai hanyar da ta fi dacewa da garinmu. Gonar kifi ta Panyam da ke ƙaramar hukumar Mangu, wadda aka kafa a shekarun 1950, ta yi suna ne da kifin kaf, mai jure sanyi. Kifin zinariya da koi danginsa ne, a ruwan daɗi suke rayuwa, kuma sanyin ɗakin Jos ba ya damun su kamar yadda yake damun kifin teku. Suna buƙatar fili da matata mai ƙarfi, amma babu gishiri, babu hita. Wanda ya riƙe su shekara guda lafiya ya koyi rabin aikin.

Wani zai ce kuɗinsa ne, ya kashe yadda ya ga dama. Gaskiya ne. Sai dai abin da ke cikin gilashin nan rai ne, kuma ba shi da hanyar nemo wa kansa iska ko ɗumi sai abin da ka tanadar masa. Murjani mai ƙashi yana cikin halittun da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe, kuma Najeriya na cikin yarjejeniyar. Mai saye ya tambayi takardu, ya kuma fifita wanda aka haifa a akwati a kan wanda aka ɓallo daga teku. Abin kunya ne halitta ta tsallako dubban kilomita ta zo ta mutu a dare ɗaya don an sayi fitila an bar batir.

Shawararmu ga masu wannan sha'awa a cikinmu ita ce su san juna. Kayan gwaji ɗaya zai ishi gida uku ko huɗu, haka na'urar tace ruwa. Kafin ka tura wa mai sayarwa ko kwabo, ka zauna da takarda ka rubuta jerin: ruwa, wuta, ɗumi, akwati, awo, jira. Idan ka ga kifi ya hau saman takardar, ka sake rubutawa.

Allah Ya sa mu dace.