Ku Daina Barin Azuzuwan Kwamfailarku Babu Fakej

Masu koyar da yadda ake gina kwamfaila a kan Java, don Allah ku daina cewa ɗalibai su zuba azuzuwan tallafi a fili babu fakej wai don sauƙi. Ina nufin azuzuwan da shirin ke kira lokacin da yake gudana, kamar mai buga rubutu ko mai karɓar lamba. Sauƙin nan na kwana biyu ne.

Eh, yana aiki. Injin JVM bai damu ba: kwamfailarka ta rubuta invokestatic da suna Buga kawai, ya nemo ya loda. Class.forName ma zai kawo maka shi. Shi ya sa mutum ke ɗauka ya gama.

To amma tun Java 1.4, a 2002, javac ya hana ajin da ke cikin fakej ya yi import na wanda ba shi da fakej. Ranar da ka so kiran Buga daga sauran lambobin kwamfailar, ko ka rubuta masa gwaji, sai dai ka bi ta bayan gida da Class.forName kana kiran komai da sunansa a rubuce. Harafi ɗaya ya kuskure, ba za ka sani ba sai shiri ya faɗi. Java 9 kuma, a 2017, ta ce modul mai suna ba ya karɓar irin waɗannan azuzuwan kwata-kwata.

Wanda ya fi ban haushi shi ne karon suna. Mai amfani da yarenka ya raɗa wa nasa ajin Buga, sai na farko a classpath ya ci, ɗayan ya ɓace shiru. Sai ka ga NoSuchMethodError a kan abin da kake gani da idonka yana nan. Wallahi yini guda zai tafi a banza.

Wani zai ce ai in ka kwance APK za ka ga azuzuwa irin a, b, c zube babu fakej. Mu masu gyaran waya muna ganinsu. Amma ProGuard ko R8 ne ya kwaso su can a matakin ƙarshe, bayan an gama haɗa komai, lokacin da babu mai sake yin import. Ba haka aka rubuta su ba.

Gyaran fa layi ɗaya ne a saman fayil: package yarena.tallafi. A cikin baitkod kuma ka rubuta yarena/tallafi/Buga, da karkatacciyar sanda, ba ɗigo ba.