Kafin a Sayi Fuloti a Ƙetaren Kogin Kaduna

'Yan'uwa manoma, kowace kaka in an sayar da citta ko masara, mukan ji wani daga cikin ƙungiyoyinmu na gama kai ya ɗauki kuɗinsa ya nufi Kaduna neman fuloti. Wani don karatun yara ne, wani kuwa rashin kwanciyar hankali ya kore shi daga ƙauye. Ba mu ga laifin kowa ba. Abin da ke damunmu shi ne yadda ake zaɓen wurin.

Dillali zai nuna maka turakun lantarki, ya ce ga kwalta tana zuwa. Mu a ganinmu lantarki shi ne na ƙarshe. Tambaya ta fari ita ce ruwa.

Unguwannin kudancin kogi sun girma da gaggawa. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo a 1975, matatar mai kuma a 1980, ma'aikata suka cika Kakuri da Makera da Nasarawa. Bayan rikicin shekarar 2000 jama'a da yawa suka ƙaura zuwa Sabon Tasha, Narayi, Unguwar Romi da Gonin Gora. Gidaje suka riga bututun famfo isa. Saboda haka gida da yawa a sababbin unguwanni rijiya ce ko burtsatse ko mai garuwa ke riƙe da su.

To, manomi ya san ƙasa fiye da dillali, kada ya bar saninsa a gona. A je a duba fuloti sau biyu. A je cikin watan Maris, a leƙa rijiyar maƙwabta, a tambayi matan gidan, ba mazan ba, gama su ne ke jan guga da asuba. In rijiyar ta ƙafe tun kafin Ista, to, kuɗin ruwa zai zama hayar da ba ta ƙarewa. A sake komawa cikin Agusta, lokacin marka. Kogin Kaduna ya yi ambaliya a 2003, ya kuma yi a 2012, ya ci gidaje. Wurin da ka san fadama ce, wadda da a ƙauye take shinkafa za ka shuka, kada araha ta sa ka kafa ɗaki a kanta.

Akwai kuma maganar masai. Fuloti mai ƙafa 50 da ƙafa 100 ƙarami ne, kuma ma'aikatan lafiya suna son a bar kamar mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai. Ko ka kiyaye naka, ina na maƙwabcinka yake? Ta nan amai da gudawa da zazzaɓin taifot ke shiga gida.

Bayan ruwa sai hanya. Ba kwalta muke nufi ba, muna nufin ko mota za ta iya isa ƙofar gida da dare cikin damina. Mace mai naƙuda ba ta jiran gari ya waye. Asibitin St. Gerard da asibitin Gwamna Awan duka a Kakuri suke. Wanda ya sayi fili can bayan Mararaban Rido ya auna tafiyar da kansa. Ya kuma lissafta kuɗin mota na wata guda zuwa makaranta da kasuwar Sabo ko kasuwar Monday, musamman tun da aka janye tallafin mai a 2023. Sau da yawa rarar da aka samu a kuɗin fili, direbobi ne ke cinye ta.

Ba za mu ɓoye zancen tsaro ba. A watan Yuli 2021 aka sace ɗalibai fiye da 100 daga makarantar Bethel Baptist a kan hanyar Kachia. Filin bakin daji yana da araha, yana da wurin kiwon kaji da ɗan lambu, abin da ran manomi ke so ke nan. Amma gidan da ba maƙwabcin da zai ji ihu, a yi tunani sosai. A tambayi mai unguwa ko akwai 'yan sintiri, kuma nawa ake biya.

Majami'a fa? Wannan ba ta wuya a kudancin Kaduna, kusan kowane layi akwai. Ba sai an ƙara kuɗi dominta ba.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi, in memba ya zo neman rance don sayen fuloti, kada a ƙirga masa kuɗi sai mutum biyu sun raka shi sun ga wurin, sun kuma bincika takardun a ofishin KADGIS, hukumar da ke riƙe da rajistar filaye tun 2015. Takardar mai unguwa kaɗai ba ta hana a sayar da fili ɗaya ga mutum biyu.