Kalmar Mako: Zunubi Yana da Wutsiya

'Yan uwa ɗalibai, kalmarmu ta wannan makon ita ce "zunubi". Kullum muna jin ta a huɗuba da islamiyya, amma ba kowa ya san baƙuwa ce a Hausa ba. Daga Larabci ta zo, daga "zunub", jam'in "zanb". Larabawa na furta harafinta na farko da harshe tsakanin haƙora, mu kuwa muka mai da shi "z", kamar yadda muka yi wa zikiri da izini. Wato jam'i muka aro, muka mai da shi tilo, muka kuma yi masa namu jam'in: zunubai.

Ba mu kaɗai muka yi irin wannan aron ba. Mutanen Wales da ke Birtaniya suna kiran zunubi "pechod", daga kalmar Latin "peccatum" da suka samu ta hanyar Kiristanci. Addini kan shigo gari da kalmominsa.

A Larabci, "zanb" tushenta ɗaya da "zanab", wato wutsiya. Malaman lugga sun ce dalili shi ne sakamakon aikin yana biye da mai shi. Kakanninmu ma sun hango haka da suka ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Shi kansa "alhaki" daga "al-haƙƙ" ya fito, wato haƙƙin wani da aka ɗauka.

Wannan magana ta shafe mu ƙwarai. A Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda mun san yadda ake ruɗar sa'o'inmu da 'yan kuɗi, su zama infoma ko masu kai wa 'yan bindiga fetur da burodi, suna cewa neman na abinci suke. A 2021 sai da gwamnati ta rufe layukan waya da kasuwannin mako a Zamfara saboda matsalar tsaro, kowa ya ji a jikinsa. Kuɗin infoma kan ƙare cikin kwana biyu, marayun da aka bari kuwa suna nan.

Malamanmu sun koya mana cewa saɓo tsakanin bawa da Ubangijinsa tuba na wanke shi, amma haƙƙin mutum sai an biya ko mai shi ya yafe. Wa zai iya biyan rai? Kafin mu karɓi irin wannan kuɗin, mu waiwaya mu dubi wutsiyarsa.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.