A Fito da Darasin Zaɓe Daga Kan Allo



Ɗalibin sakandare mai shekara 16 a yau, nan da shekara biyu ya isa yankar katin zaɓe. Amma tambaye shi wa ke shirya zaɓen kansila, da wuya bai ce INEC ba. Alhali wannan aikin hukumar zaɓe ta jihar Gombe ne. Na INEC shi ne zaɓen shugaban ƙasa, gwamna da 'yan majalisa.

A ganina haddar littafi ba za ta magance wannan ba. Malamai su raba ɗalibai rukuni-rukuni. Na farko ya zagaya ya gano rumfunan zaɓen mazaɓar Kwadon/Liji/Kurba. Na biyu ya bambance aikin kansila, na shugaban ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba da na sanatan Gombe ta Tsakiya, don a san ƙofar wa za a ƙwanƙwasa idan rijiyar burtsatse ta lalace. Na uku ya shirya zaɓen shugaban ɗalibai, a ƙirga ƙuri'u a idon kowa.

A 2023, sama da mutum miliyan 93 ne ke da rajista a Najeriya, amma ko kashi 30 cikin ɗari ba su fita zaɓen shugaban ƙasa ba. Mun kuma ga yadda siyasar Kalare ta cinye matasa a Gombe. Yaron da ya ƙirga ƙuri'a da hannunsa ya san darajarta, ba zai sayar da ita kan taliya ba, balle ya ɗauki adda.

Iyaye da malamai, mu kai maganar nan taronmu na gaba. Allah Ya yi mana jagora.